Kiran da Ya Raba Ni da Yaya Manu

Akwai maganar da na san kun ji a Argungu, ko a gidan biki ko a zaman makoki, an faɗe ta ƙasa-ƙasa amma don ku ji ɗin aka yi: wai uwarku ce ta sa aka kama ɗan'uwanta. Babu ɗayanku da ya taɓa tunkarata da ita, kuma na gode da wannan kunyar taku. To amma na tsufa. Ƙafa ta fara ƙi, ido ya fara ƙi, bakin nan ne kawai bai san gajiya ba. Gara ku ji daga gare ni tun ina iya faɗa, don in na kwanta dama masu ba da labarin za su ƙara masa gishiri, kuma ba ni nan balle in ce ƙarya suke yi.

Kawunku Manu, wanda nake kira Yaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Ku kun san shi dattijo mai shiru da ba ya kallon mutum a ido. Ni na san shi ƙato, mai dariyar da ake ji tun daga zaure. Mai fito ne, wato shi ke ƙetarar da mutane a jirgi daga mashigin unguwarmu a Argungu zuwa gonakin fadama da ke tsallaken gulbi, sana'ar da ya gada daga babanmu. Shi ya koya mani iyo, shi ya sha raba ni faɗa da 'yan mata a bakin rijiya, don tun ina yarinya ba a faɗa mani in yi shiru. Ranar da aka kawo ni Birnin Kebbi gidan babanku, da kansa ya rako ni har Gwadangaji, unguwar da gidan yake, ya tsaya gaban dangin miji ya ce:

"Ga Kulu nan mun kawo maku. Bakinta ya hi ƙarhinmu, ku ma ku gwada sa'arku."

Aka yi ta dariya, ni kuwa ina cikin mayafi ina kuka ina hararar ƙafafunsa. Daga ranar kuwa ban taɓa sayen kifi a kasuwa ba. Duk motar da ya samu mai zuwa Birni sai ya ɗoro mani banda a kwando, har maƙwabta suka riƙa ce mani 'yar gatan gulbi.

Sai kun san yadda mashigi yake kafin ku gane abin da na yi. Mutanen ruwa suna da ƙa'idarsu tun kaka da kakanni: abin da ya faru a ruwa, a bakin ruwa ake gama shi. In jirgi ya kife, masunta ke ceto, dattawan mashigi ke yanke magana, ba a kai ƙara ko'ina. Kuma in an rasa rai, wanda ya tuƙa jirgin ba ya barin bakin gulbi sai an ga gawa. Shi zai yi nutso ya nemo ta, shi zai fito da ita, shi zai kama makara, sannan ya je gidan mamacin ya durƙusa ya nemi gafara. Iyalan su ce kwana ne ya ƙare, sun yafe. Da wannan ne mai fito yake wanke kansa, ya iya sake riƙe jirgi. Na taso na tarar ana haka, kuma wallahi ban taɓa ganin aibunsa ba.

Ita kuwa lambar gaggawa, a Gwadangaji na same ta. Gobara ta taɓa tashi a bayan layinmu da rana tsaka, muka yi ta kwasar ruwa da bokiti muna salati, kowa na zaton wani ya kira 'yan kwana-kwana, ashe babu wanda ya kira, har ɗakuna suka ƙone ƙurmus. Bayan nan mai unguwa ya tara mu, maza daban mata daban, aka kawo wasu ma'aikata suka yi mana bayani. Suka ce in abu ya faru kada ka tsaya jiran wani, kai ka kira. Ka faɗi inda kake, ka faɗi abin da ya faru, kada ka kashe waya sai an sallame ka. Ni har gatse na yi wa matar da ke bayanin, na ce to in mun kira sai ku zo bayan an share toka ko? Ta yi dariya ta karɓi wayata ta sa mani lambar da hannunta. Na jefa wayar a jaka na manta da zancen.

Shekarar da abin ya faru, gulbi ya yi cikar da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Ƙarshen damina ne, shinkafa ta nuna a fadama, ruwa kuma yana hawa yana cinye ta. Kowa ya haukace da yanka. Tun da asuba ake ƙetarewa, maza da mata, a yanko abin da aka samu a loda a jirgi a dawo. Na je Argungu duba matar Yaya da ba ta jin daɗi, ranar da zan koma gida na ce bari in biya mashigi in yi masa sallama. La'asar ce sakaliya. Na tsaya a ƙarƙashin wata bishiya tare da mata masu jiran mazajensu, muna hangen jirginsa ya taso daga tsallake.

Tun daga nesa na ga jirgin ya nutse da yawa, bakinsa na kusa da shafar ruwa. Daga baya na ji yadda aka yi. Yaya ya riga ya ce jirgi ya cika, sai ga Malam Ige, amininsa tun suna yara, ya iso da dammunan shinkafarsa. Mai fito kuwa ba ya barin dattijo a tsallake rana na faɗuwa, balle aminin da suke cin tuwo a kwano ɗaya. Ya ce ya shigo. Suna kaiwa tsakiya inda ruwa ke da ƙarfi, jirgin ya karkata, mutane suka ruɗe suka koma gefe guda, sai gani muka yi ya kife. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ihun da matan nan suka yi har yau yana cikin kunnena.

Masunta suka faɗa ruwa ta ko'ina, wasu da jirage wasu da gora. Gaskiya a faɗe ta, na ga aikin maza ranar. Yaya Manu da kansa ya yi ta jawo mutane yana miƙa su yana komawa. Cikin waɗanda ya fito da su akwai wata yarinyar mace, Hassi, matar wani manomi, mai goyo, Allah ya sa ta bar jaririn a gida wurin uwar mijinta. Aka kifar da ita aka matsa cikinta, ruwa ya fito, amma numfashinta bai dawo daidai ba. Tana ja da ƙyar, wani kumfa na fita ta hanci, leɓunanta sun canza launi. Na durƙusa na taɓa ta na ji sanyi ƙalau. Na ce a kai ta asibiti. Wani dattijo ya ce:

"A bar ta, Hajiya. Ruwa tas sha, za ta amayo shi. Mun ga irin wanga ba adadi."

Na duba hanya, babu mota, babur ɗin da ke wurin kuma ba a iya ɗora mace a sume a kansa cikin wannan laka. Ban yi shawara da kowa ba. Ban ma san lokacin da hannuna ya shiga jaka ba. Na lalubo lambar na danna, kuma ga mamakina aka ɗauka. Muryar wani saurayi ce, a natse, kamar ba abin da ke faruwa a duniya. Ya tambaye ni inda nake, na kwatanta masa mashigin. Ya ce me ya faru, na ce jirgi ya kife, ga mace tana mutuwa. Ya ce akwai wanda ba a gani ba? Na ɗaga kai na tambaya, aka ce Malam Ige ne bai fito ba. Na faɗa masa. Ya ce a juya ta a kan gefenta, a lulluɓe ta, kada a ba ta komai ta baki, mota na zuwa.

Ina cikin maganar sai ga Yaya a kaina, ruwa na zuba daga jikinsa, idonsa jajir, yana haki.

"Kulu, da wa kike magana?"

"Motar asibiti nika kira, Yaya."

"Kashe wayar nan."

"Yarinyar ga mutuwa za ta yi."

"Na ce ki kashe! Ke ba ɗiyar gidanmu ba ce? Ba ki san yadda aka yi ba?"

Duk rayuwata ban taɓa ƙin bin maganarsa a gaban mutane ba, duk da bakin nan nawa. Ranar na juya masa baya na ci gaba da kwatancen hanya. Ya koma ruwa neman amininsa.

Motar ta zo, kuma ba ta daɗe ba, wannan shaida zan ba su har gaban Allah. Suka sa wa Hassi abin numfashi a fuska suka ɗauke ta. Abin da ban sani ba shi ne, kira irin wannan ba asibiti kaɗai yake tadawa ba. Tunda na ce jirgi ya kife kuma akwai wanda ya ɓace, sai ga motar jami'an tsaro a bayanta. Babbansu ya tambayi waye mai jirgin. Babu wanda ya nuna. Yaya ne da kansa ya fito daga ruwa ya ce shi ne. Jami'in bai yi masa wulaƙanci ba, ya ce an sha yin gargaɗi kan lodi, kuma tunda akwai rai a ciki dole ya bi su ya yi bayani. Dattawa suka taru suna roƙo. Yaya ya haɗa hannu biyu, mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa komai ba, ya ce:

"Ranka ya daɗe, ka bar ni in hiddo shi. Abokina na ƙasan ruwan ga. In na hiddo shi, ni da ƙahwata zan kawo kaina."

Jami'in ya ce ba shi da ikon haka, za a turo masu nema. Na shiga tsakani ina cewa ni na kira, kuma mota na roƙa, ban kawo ƙarar kowa ba. Wa zai saurare ni? Aka sa shi a bayan mota da jiƙaƙƙen wando. Motar na tafiya yana kallon gulbi, ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba.

Washegari da hantsi wasu masunta suka ga gawar Malam Ige can ƙasa, ta maƙale a ciyawa. Wasu suka fito da ita, wasu suka kama makara, aka yi jana'iza aka yi zaman makoki aka tashi, duk Yaya yana tsare a Birnin Kebbi. Babanku, Allah ya jiƙansa, shi ya yi ta zirga-zirga har aka sake shi, tunda iyalan mamacin sun ce ba su da ƙara. Ni na ɗauka in ya fito an gama. Na yi girki na aika a taho da shi gidanmu ya yi wanka ya ci abinci, tunda ga shi a garin. Babanku ya dawo shi kaɗai. Ya ce daga ƙofar ofishin jami'an, Yaya ya wuce tasha.

Mutane suna cewa tsarewar ce ta ɓata masa rai, ko jirgin da aka riƙe, ko hana fiton da aka yi a mashigin har shinkafar wasu ta nutse. Duk an yi waɗannan, kuma na sha zagi a kansu. Amma ba su ne ba. Ya je gidan Malam Ige ya durƙusa, suka ce sun yafe, shi kuwa bai ji an yafe masa ba, don ba hannunsa ya fito da gawar ba. A wurinsa ya bar amininsa ya kwana a ruwa ya hau mota ya tafi. Da aka maido masa jirgi bai ko je ya duba shi ba. Mutumin da aka haifa a bakin gulbi ya koma zaman ƙofar gida yana gyaran komar kamun kifin wasu. Dariyar nan ta tafi. Kwandon kifi ya daina zuwa Gwadangaji, kuma wallahi ba kifin ne ya dame ni ba.

Hassi ta rayu. Ta yi kwanaki a asibiti, likita ya ce ruwa ya shiga huhunta, da an bar ta a bakin gulbi da wuya ta kai safe. Amma ku je Argungu yau ku tambaya, za ku sami masu rantsuwa cewa da ma za ta tashi, sun ga waɗanda suka fi ta shan ruwa sun tashi. Ba ni da yadda zan nuna masu, don ba a gwada abu irin wannan sau biyu. Ta ƙara haihuwa bayan nan, duk sallah tana aiko mani da albasa da gaisuwa. Ina karɓa ina sa albarka, amma ba zan ɓoye maku ba, akwai shekarun da ko ganin albasar ba na son yi.

Na bi Yaya ta kowace hanya. Na aika dattawa, na aika malaminsu, na je da kaina ba sau ɗaya ba. Bai taɓa korata ba, bai taɓa zagina ba, da ma ya zage ni da na samu abin ramawa mu wuce wurin. In na gaishe shi zai amsa, lafiya lau, ya gida, ya yara, sai ya tashi ya ce zai je masallaci ko da lokacin salla bai yi ba. Ranar ɗaurin auren babbarku ya zo, tunda shi ne kawu, ya zauna cikin maza aka shafa fatiha, ya tafi bai shigo cikin gida ba. Na leƙa ta taga ina kallon bayansa har ya sha kwana. Ranar kun ɗauka kukan rabuwa da 'ya nake yi.

Wani lokaci zuciya takan ɗebe ni in ce to me na yi? Rai na ceta! Sai kuma in kwanta in yi ta juyawa: da na ce wa saurayin nan mace ce kawai ba ta da lafiya, ban ambaci jirgi ba fa? Da na jira aka nemo mota a cikin gari fa? Da na ja Yaya gefe na faɗa masa tun kafin in danna? Na yi wannan tunanin har na gaji. Abin da na sani, an tambaye ni na faɗi gaskiya, kuma ina baƙin cikin abin da gaskiyar ta jawo. Shi ya sa ba na son ku riƙe 'ya'yansa da komai in sun yi maku fuska. Ubansu suka gani ya lalace a gabansu. Ku je masu, ko ba su zo maku ba. Kuma kada wannan labarin ya sa ɗayanku ya ga mutum yana mutuwa ya tsaya duban fuskar manya.

Da ciwonsa na ƙarshe ya yi tsanani, matarsa ta aiko cewa in ina son ganinsa in zo. Na tarar da shi a kan tabarma a ɗakinsa, ƙaton nan ya koma ƙashi da fata. Aka fita aka bar mu. Na durƙusa kusa da kansa. Da ƙyar na ce:

"Yaya, ka yahe mani."

Ya juyo ya dube ni cikin ido, karo na farko tun ranar mashigi.

"Na yahe maki, Kulu, duniya da lahira. Ni ma ki yahe mani."

Na fashe da kuka na kama hannunsa, bai janye ba. Na ji kamar an sauke mani dutse daga ƙirji. Muka zauna haka, har ya tambaye ni ku, ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Can sai ya ce:

"In tambaye ki wani abu. Da za a maido ranar nan, ina tsaye kanki ina ce maki ki kashe, za ki kashe?"

Na san amsar da yake so. Kalma ɗaya ce, ga mutum a bakin kabari, babu mai ji sai ni da shi da Allah. Na buɗe baki in ba shi ita, sai fuskar yarinyar nan ta faɗo mani, da kumfan da ke fita ta hancinta.

"Ba ni kashewa, Yaya."

Ya lumshe ido. A hankali ya zare hannunsa daga nawa ya maida shi cikin mayafi.

"Na sani," ya ce. "Tashi ki tahi, kada ki rasa mota."

Ya juya fuskarsa bango. Na zauna ina jiran ya ƙara wata magana har aka kira la'asar, bai ƙara ba. Na tashi na tafi tasha. Ban sake ganinsa da rai ba.